Jan Tudu a Fatar Idon Ɗiyata: Yadda Aka Gano Hemanjiyoma da Yadda Aka Yi Maganinta

Ɗiyata ta zo duniya kafin cikinta ya cika wata tara, a wani asibiti da ke garinmu Argungu, kuma a ranar babu wani tabo a fuskarta da ido zai iya kamawa. Abin da ya dame mu a lokacin shi ne ƙanƙantarta, da yadda za ta kama nono, da yadda za a kare ta daga sanyi. Sai bayan suna ne mahaifiyarta ta lura da wani ɗan wuri a saman fatar idonta na hagu da ya yi ja-ja, aka ce ai ƙarce kanta ta yi, aka yanke mata farce aka bar zancen. Amma jan bai baje ba. Kafin a yi arba'in wurin ya taso ya yi tudu, launinsa ya koma ja mai duhu irin na zoɓon da aka jiƙa ya yi kauri. Idan an taɓa shi akwai laushi da ɗan ɗumi, idan kuma ta yi kuka sai ya ƙara cika ya yi sheƙi.

A lokacin mai ɗakina tana gidan iyayenta wurin wankan jego, saboda haka duk mai shigowa barka da nasa bayanin yake tafe. Wasu suka ce tawadar Allah ce, ba a taɓa ta. Wasu suka ce maruru ne da bai nuna ba. Wasu suka ce baki ne ya kama yarinyar. Har aka sami wadda ta ce wani abu uwar ta yi kwaɗayi tana da ciki ba ta samu ba. Wannan magana ta ƙarshe ta fi kowace yi wa mai ɗakina ciwo, domin ta sa ta riƙa bin watannin cikinta ɗaya bayan ɗaya tana neman inda ta yi laifi. Surukata kuwa, wadda take son jikar nan tata fiye da yadda zan iya faɗa, ta yanke cewa a kira wanzami: "A tsaga shi kaɗan mataccen jinin ya fita, yarinya ta huta." Ban ga laifinta ba, domin a gabanta an sha yi wa kumburi sakiya mugunya ta fita mai ciwo ya warke. Sai dai abin da nake gani bai yi mini kama da maruru ba: babu zazzaɓi, yarinyar ba ta kuka idan an taɓa wurin, ga shi kuma a bakin ido. Da yake ba tarbiyya ba ce mutum ya tsaya musu da surukarsa, sai na sami ƙanenta na ce, "Kawu, don Allah a roƙar mini Inna, a dakata da maganar aska har likita ya gani." Ya isar da saƙon ta hanyar da ta dace, aka dakata.

A wurin farko da muka kai ta, ma'aikacin da ya duba ta ya ce irin wannan tabo yana bajewa da kansa, mu koma gida mu dawo idan ta shekara. Daga baya na fahimci cewa rabin maganarsa gaskiya ce, amma rabin da ya bari shi ne wanda ya shafi idon ɗiyata. Cikin 'yan makonni fatar idon ta yi nauyi ta fara saukowa, har ya zama idan tana kallon mutum idon dama a buɗe yake tar, na hagu kuwa rabinsa a rufe. Nan muka ɗauke ta zuwa Birnin Kebbi, inda muka ga wata likitar yara.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne likitar ta fi daɗewa tana tambaya fiye da dubawa. Da shi aka haife ta ko daga baya ya fito? Yaushe ya fara tasowa? Girmansa yana tafiya daidai da girman yarinyar ne ko ya fi ta sauri? Numfashinta yana ƙara idan tana barci? Ta sa aka tuɓe yarinyar ta duba ko'ina, har bayan kunne da cikin baki da matsematsi, tana neman wasu irinsa. Hotunan da ke cikin wayata tun daga ranar suna sun yi amfani ƙwarai, domin a jere suka nuna mata yadda abin ya tashi daga ɗan ja zuwa tudu. Sannan ta juya wurin mai ɗakina ta ce, "Maman yarinya, ki kwantar da hankalinki. Ba ciwon daji ba ne, kuma babu abin da kika ci ko kika ƙi ci da ya jawo shi." Ta ce sunansa hemanjiyoma, wato ƙari ne na ƙananan jijiyoyin jini da ƙwayoyin bangonsu ke hayayyafa da sauri a farkon rayuwar jariri. Babu wani mataccen jini a cikinsa. Jijiyoyi ne masu rai cunkushe a wuri ɗaya. Da an sa masa aska, da jini ya zuba, wurin ya zama gyambo ya bar tabo a bakin ido, kuma jaririn da nauyinsa kilo 3 ne duk jinin jikinsa bai wuce kusan mililita 250 ba.

Tambayoyin nata suna da tushe, kamar yadda ta bayyana mini kuma na ƙara karantawa daga baya. Da can likitoci kansu kusan duk wani ja ko shuɗin kumburi hemanjiyoma suke kiransa, har zuwa 1982 da John Mulliken da Julie Glowacki, masu bincike a birnin Boston na Amurka, suka nuna cewa abubuwa biyu ne mabambanta. Akwai ƙari, wanda ƙwayoyinsa ke hayayyafa, yana da lokacin tashi da lokacin ja da baya. Akwai kuma tawayar halittar jijiyoyi, wadda tun a ciki jijiyoyin suka ginu ba daidai ba. Da ita ake haihuwar yaro ko da ba ta bayyana nan take ba, tana girma tare da shi, kuma ba ta bajewa da kanta har abada. A 1996 ƙungiyar duniya ta masu nazarin waɗannan larurori ta karɓi wannan rabo, kuma a kansa ake gina magani har yau, domin sau da yawa abin da ke warkar da ɗaya ba ya taɓa ɗayan.

Hemanjiyomar jarirai ba baƙuwar larura ba ce. Binciken da aka yi a Amurka da Turai ya nuna tana samun jarirai 4 zuwa 5 cikin 100, ta fi yawa a mata da bakwaini da waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi, kuma kusan kashi 60 cikin 100 a kai da wuya take fitowa. Ta fi saurin girma tsakanin wata 1 da wata 3, yawanci kafin wata 5 ta kai mafi yawan girman da za ta yi, sannan wajen shekara guda ta fara ja da baya a hankali, mafi yawan bajewar ta kammala wajen shekara 4. Saboda haka ne idan tana ƙarama a baya ko a ciki ake barinta ana sa ido kawai. Amma akwai wuraren da jira yake da hatsari. Wadda ta fito a haɓa da gaban wuya, inda gemu ke tsirowa, tana iya zuwa da wata a cikin maƙogwaro ta toshe numfashi. Ta leɓe tana yawan fashewa ta zama gyambo ta hana shan nono. Ta kan hanci tana lalata siffarsa. Ta fatar ido kuwa, ko ta rufe ƙwayar idon ko ta danne shi ta sauya lanƙwasarsa, kuma ƙwaƙwalwar jariri a waɗannan watanni ne take koyon gani. Idan ido ɗaya ya daina aika mata da hoto mai kyau, ko da na makonni kaɗan ne, sai ta jingine shi ta dogara da ɗayan. Tudun zai baje bayan shekaru, amma ganin da bai ginu ba yana da wuyar dawowa. Likitar ta rubuta mana takardar tura mu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ta ce kada mu bari makon ya fita.

A Sakkwato sashe uku ne suka yi aiki a kanta: na yara, na ido da na hoto. Likitan hoto ya shafa mata wani man sanyi ya ɗora kan na'urar sikanin a fatar idon, irin sikanin da ake kira Dofila, wanda ke nuna gudun jini da launin ja da shuɗi a allo. Ya nuna mini cewa tudun tsoka ce cike da ƙananan jijiyoyi jini na gudu a cikinsu da sauri, ba jaka ce ta ruwa ba, kuma bai shiga can cikin kogon ido ba. Likitar ido ta ɗiga mata maganin da ke buɗe ƙwayar ido, ta haska ta auna, ta ce nauyin tudun ya riga ya fara sauya lanƙwasar idon hagu. Na tambayi ko za a yi hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, domin na ji ana maganarsa kuma na san tsadarsa. Aka amsa mini cewa ana buƙatarsa ne idan ana zargin abin ya yi zurfi, ko kuma idan tabon ya mamaye babban yanki na fuska, faɗin santimita 5 ko fiye, domin irin wannan yana iya zuwa tare da matsala a jijiyoyin ƙwaƙwalwa ko a zuciya. Haka nan da an sami biyar ko fiye a jikinta, da an yi mata sikanin na hanta. Nata ɗaya ne, a dunƙule yake, saboda haka aka tsaya a gwajin bugun zuciya da na sukari.

Da aka faɗa mini maganin da za a ba ta, gabana ya faɗi, domin na san shi a hannun tsofaffi masu hawan jini: furofaranolol, wanda a jikin kwalinsa ake rubuta propranolol. Tun shekarun 1960 James Black na Birtaniya ya ƙirƙiro shi don ciwon zuciya, kuma babu wanda ya san yana da wani aiki a kan hemanjiyoma sai da wasu likitoci a birnin Bordo na Faransa, ƙarƙashin Christine Léauté-Labrèze, suka ba wani jariri shi saboda matsalar zuciya, suka ga tudun da ke fuskarsa ya yi laushi ya sauya launi. Suka wallafa abin da suka gani a 2008. A 2014 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan larura, kuma wani babban gwaji da aka wallafa a 2015 a kan jarirai fiye da 450 ya nuna cewa cikin waɗanda suka sha miligiram 3 ga kowane kilo a yini na wata 6, kashi 60 cikin 100 tudun ya baje gaba ɗaya ko kusan haka, alhali a cikin waɗanda ba su sha ba kashi 4 ne kawai. Kafin wannan, magungunan sitiroid ake bayarwa, masu kumbura fuskar yaro su rage masa girma da garkuwar jiki.

Saboda ita bakwaini ce kuma ƙarama, ba a yarda a fara mata a gida ba, sai aka ba mu gado. Ana lissafa maganin ne da nauyin jariri: aka fara da miligiram 1 ga kowane kilo a yini, aka raba shi safe da yamma, kuma bayan kowane sha nas takan zo ta auna bugun zuciya da ƙarfin jini bayan awa 1 da bayan awa 2. Da aka ga jikinta ya karɓa, aka riƙa ƙarawa mataki-mataki zuwa tsakanin miligiram 2 da 3 ga kowane kilo. Na ruwa da aka tanada musamman don jarirai ba mu same shi ba, sai masu haɗa magunguna suka niƙa ƙwayoyin suka haɗa mana a kwalba, suka ba mu sirinji marar allura, suka nuna wa mai ɗakina layin da za ta riƙa tsayawa. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan kada ya je kemis ya sayi ƙwayar ya ɓantara wa jariri. Ƙwayar manya guda ɗaya ta ninka abin da jariri ke sha sau da yawa, kuma akwai yaran da zuciyarsu ko huhunsu bai yarda da shi ba sam.

Kafin a sallame mu launin ya fara dusashewa, tudun ya saki. Cikin makonni kaɗan fatar idon ta ɗaga, ƙwayar idon ta fito fili. Surukata da kanta ta fara lura da hakan, kuma daga ranar ta zama mai tsaron lokacin maganin fiye da kowa a gidan.

Aikin gida shi ne mai wuya, kuma kusan dukansa a kan mai ɗakina ya faɗa. Babban hatsarin maganin shi ne saukar sukarin jini, domin yana rage wa jiki ikon fito da sukarin da ya ajiye, kuma yana ɓoye wasu alamomin da za su faɗakar da uwa. Saboda haka ba a ba da shi sai tare da nono ko nan da nan bayansa, a bar aƙalla awa 9 tsakanin na safe da na yamma, idan ta tofar ko ta yi amai ba a sake ba ta wani. Idan ta ƙi nono, ko gudawa ta kama ta, ko tari mai sa ƙirji kuka, a dakatar da shi har ta dawo daidai. Aka koya mana alamomin da za su sa mu garzaya asibiti: zufa ba dalili, barcin da ba a iya tayar da ita, sanyin jiki da laƙwas, ko jijjiga. Da damina ta zo zazzaɓin cizon sauro ya kama ta, ta rage shan nono, muka tsayar da maganin muka kai ta asibiti, kuma duk wanda zai rubuta mata wani magani sai mun fara gaya masa abin da take sha. Tafin hannunta da na ƙafarta sukan yi sanyi, barcinta na dare ya rikice na wani lokaci, an ce duka sanannun abubuwa ne. Kowane wata kuma sai an ɗora ta a sikeli an sake lissafi, domin jariri yana ƙara nauyi, adadin da ya ishe shi jiya ba zai ishe shi gobe ba.

A zaman jiran likita na san wasu iyalai daga Zamfara da Sakkwato da ƙetaren iyaka ta Nijar, kuma a wurinsu na ga ɗaya ɓangaren rabon nan, wato tawayar halittar jijiyoyi, da idona. Akwai wani yaro da aka haifa da babban kumburi mai laushi a gefen wuya, fatarsa ba ta sauya launi ba; likita ya ɗora masa tocila sai haske ya ratsa shi, domin jakunkuna ne na ruwan limfa, farin ruwan nan da ke bi ta kaluluwa. Duk lokacin da mura ta kama shi sai kumburin ya ƙaru. Furofaranolol ba shi ne maganinsa ba. Zuƙe ruwan ake yi da allura ana kallo ta sikanin, sannan a zuba maganin da zai ƙona bangon jakar ta manne, irin su biliyomaisin ko doksisaikilin, a maimaita bayan makonni, wani lokaci a ƙarasa da tiyata. Biliyomaisin asalinsa maganin ciwon daji ne, ana ƙidaya jimlar abin da yaro ya karɓa saboda kada ya taɓa huhu.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne wani saurayi da leɓensa na ƙasa da kumatunsa suka yi shuɗi-shuɗi suka kumbura. Ya gaya mini cewa idan ya yi sujada wurin yakan cika ya yi nauyi, idan ya ɗago ya saki, da safe kuma yakan tashi da ciwo. Tasa tawaya ce ta jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, sun buɗe sun yi faɗi jini na kwanciya a cikinsu, har yakan daskare ya zama 'yan ƙulalai masu tauri. Tun yana goye ake gaya wa iyayensa cewa zai baje da kansa, suka yi ta jira har ya balaga, abin kuma ya ƙaru da balagar. Shi ma allurar manne jijiya ake yi masa, kuma an gaya masa gaskiya cewa ragewa ake nema da sauƙin ciwo. Likitan ya ƙara faɗakar da mu game da wasu iri biyu na tawayar jijiyoyi. Akwai wadda jijiyar da ke kawo jini take haɗuwa kai tsaye da mai mayarwa, wurin ya yi zafi yana harbawa a ƙarƙashin yatsa; idan tana cikin muƙamuƙi, cire haƙori kawai na iya jawo zubar jinin da zai yi kisa, kuma maganinta sai an toshe jijiyoyin ta ciki kafin a yi tiyata. Akwai kuma shimfiɗaɗɗen tabo marar tudu da ake haihuwar yaro da shi, wanda idan ya kama goshi da fatar ido dole a duba hawan ruwan ido kuma a sa lura kan farfaɗiya.

Abin da ya fi damuna a duk wannan shi ne amsa guda ake ba iyaye a kan abubuwa mabambanta: ko a ce a tsaga, ko a ce a jira. Saurayin nan an sa shi jiran abin da ba ya bajewa, ɗiyata kuma an so ta jira abin da zai baje bayan ya gama ɓarna. Alhali muna da dama a hannunmu da ba ta buƙatar wata na'ura. Jadawalin rigakafin yara a Najeriya yana kawo jariri gaban ma'aikatan lafiya a mako na 6 da na 10 da na 14, wato daidai lokacin da hemanjiyoma ke tsakiyar girmanta. Da za a koya wa masu yin allurar rigakafi a ƙananan asibitocinmu na Kebbi cewa duk jan tudun da ke girma a ido, ko hanci, ko leɓe, ko haɓa da wuya a tura shi ga likitan yara a cikin makon, da yara da yawa sun tsira da ganinsu da siffar fuskarsu, da magani mai araha da ke cikin ƙasar nan tun da daɗewa.

Ɗiyata ta ci gaba da shan maganin har ta haura shekara guda, sannan aka riƙa rage shi a hankali maimakon a yanke shi lokaci ɗaya. Bayan an daina, wurin ya ɗan sake cika, abin da aka riga aka gaya mana yana faruwa ga yara 10 zuwa 25 cikin 100, musamman idan tudun yana da zurfi a ƙarƙashin fata. Aka mayar da ita kan maganin na 'yan watanni, wannan karon ya kwanta bai sake tashi ba. A ɓangaren ido kuwa, likitar ta sa muka riƙa manne mata idon dama da filasta na wani ɗan lokaci kowace rana domin a tilasta wa na hagu aiki, kuma wannan ya fi ba da maganin wahala, domin da hannunta ya yi ƙarfi cizge shi take yi.

Yanzu tana gab da cika shekara uku. Abin da ya rage a fatar idon shi ne ɗan sakin fata da wasu siraran jijiyoyi ja da sai an matso ake ganinsu. Idon hagu yana gani, amma lanƙwasar da tudun ya bari ba ta gyaru duka ba, saboda haka tana sa gilashi, kuma an ce za a ci gaba da bibiyarta har wajen shekara 7 ko 8, lokacin da ginuwar gani ke kammala. Likitan tiyata ya ce kada a taɓa fatar yanzu, a bari ta kai shekara 4 a ga iyakar abin da jiki zai gyara da kansa, sannan a yanke shawara ko akwai buƙatar ɗan ƙaramin aiki kafin ta shiga firamare. An ba mu ranar komawa sashen ido bayan damina domin a sake auna gilashin.